Aiki Ɗaya, Caji Ɗaya: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Lissafin Kuɗin Gwajin Ƙwaƙwalwa Da Jijiya

'Ya'yana na ƙasar Karaye da Rogo, da ku nake magana yau, musamman waɗanda Allah ya ba ku aiki a ofishin kati, ko ɗakin lissafi, ko teburin inshora na wani asibiti, a nan gida ko a birnin Kano. Aikinku ba ya cikin waɗanda ake yi wa kirari. Likita ake gaisarwa, nas ake yi wa godiya, ku kuwa sai dai a miƙo muku takarda ta taga a tsaya jiran ku faɗi adadi. Amma adadin nan da kuke faɗa shi yake yanke ko mutumin Zarewa zai yi wa ɗansa gwajin da likita ya rubuta, ko zai naɗe takardar ya sa a aljihu ya nemi motar gida. Akwai kuskure guda da masu tasowa a wannan aiki suke ta maimaitawa, kuma ya fi yawa a gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, domin su ne masu tsada kuma masu rassa da yawa. Ko dai a ɗauki aiki ɗaya a tsittsinka shi a caji kowane yanki daban, ko kuma a ɗauki ayyuka biyu masu zaman kansu a dunƙule su a caji ɗaya. A ganina duka biyun uwarsu ɗaya: mai rubuta cajin bai san abin da ake yi a ɗakin gwajin ba, sunaye kawai yake gani a takarda. Wanda ya san aikin da idonsa, da wuya ya faɗa wannan rami sai in da gangan ya shiga.

Kada ku ɗauka waɗannan gwaje-gwaje na masu hali ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan an gano ciwon daidai aka ɗora su a kan magani. Mu a nan muna da ƙari a kan wannan. Muna cikin yankin da sanƙarau ke kewayowa da zafin bazara, kuma iyayenku ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya ya kashe sama da dubu 11. Hawan jini yana kwantar da dattawa da shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga yana cin jijiyoyin ƙafa, sikila tana iya shanye yaro tun bai shiga firamare ba, ga haɗarin babur da ke kai samari asibiti da rauni a ka. Kowanne cikin waɗannan yana da gwajinsa, kuma injinan da ƙwararrun da ke karanta sakamakon akasari suna birni, a wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da Asibitin Murtala, da cibiyoyin 'yan kasuwa. Kafin mutumin Fulatan ko Kafin Dabga ya iso tagarku, ya riga ya biya kuɗin mota na mutum biyu ko uku, wataƙila ya sayar da buhun masara ko akuya. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, duk layin da kuka ƙara a takarda ba bisa ƙa'ida ba, cefanen wani gida kuka taɓa.

Wanda ya sayi rago a kara ya biya, ba a tare shi a bakin kasuwa a ce ya kawo kuɗin fata da na kai da ƙafa, domin duk suna cikin ragon. Haka nan wanda ya ja raguna biyu ba ya biyan kuɗin ɗaya don igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ba a gardama a kan wannan, saboda kowa ya san rago. Abin da ya sa ake kuskure a ɗakin lissafi shi ne da yawanku ba ku taɓa shiga kun ga yadda ake gwajin ba. Ɗauki EEG, gwajin da ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda likitan nan na Jamus, Hans Berger, ya fara ɗauka a jikin ɗan'adam a 1924. Ma'aikaci zai auna kan mara lafiya, ya goge fatar kai, ya manna ƙananan wayoyi kimanin 20, ya ɗauki bayani na minti 20 zuwa 30. A cikin wannan zama ɗaya zai ce ya buɗe ido ya rufe, ya sa shi jan dogon numfashi na kimanin minti 3, ya haska masa fitila mai walƙiya, duk don a tsokano abin da ke ɓoye ya bayyana. A takardar sakamako waɗannan matakai sukan fito kowanne da sunansa, kuma a nan ne yaron da bai sani ba yake ganin abu huɗu ya rubuta caji huɗu. Gwaji ɗaya ne, ɗana. Jan numfashin da fitilar da man da aka manna wayoyin da shi duk suna cikin kuɗin EEG ɗin, sai fa idan takardar farashin da kuke aiki da ita ta ware wani abu da sunansa ƙarara.

Hoton kai na CT da na MRI suna da nasu tarkon. Wani lokaci likita yakan nemi hoto haka nan, wani lokaci ya nemi a yi wa mara lafiya allurar ruwan da ke sa jijiyoyin jini da ƙari su fito sarai. Sau da yawa kuma ana yin duka biyun a kwanciya ɗaya: a ɗauka kafin allura, a yi allura, a sake ɗauka. Wanda bai sani ba sai ya rubuta hoton farko da cikakken kuɗinsa, ya rubuta na biyu da cikakken kuɗinsa, alhali takardun farashi da yawa sun tanadi layi na uku wanda ya haɗa biyun a kuɗin da bai kai jimlarsu ba, domin sau ɗaya aka shirya mutumin, sau ɗaya aka kwantar da shi, rahoto ɗaya likita ya rubuta. Amma gwajin jinin da ake yi don a duba ƙoda kafin a yi allurar aikin ɗakin gwajin jini ne, da ma'aikacinsa da kayansa, kuma yana da nasa caji. Ka ga a takarda ɗaya akwai abin da ya wajaba a haɗa, akwai abin da ya wajaba a raba, kuma babu yadda za ka bambance su da hasashe.

Gwajin jijiyoyin hannu da ƙafa ya fi duka rikitarwa, har a ƙasashen da suka daɗe a harkar. Ana ba jijiya ɗan bugun lantarki a auna saurin da saƙo ke bi a cikinta, sau da yawa kuma a soka siririyar allura a tsoka a saurari yadda take amsawa. A Amurka, inda Ƙungiyar Likitocin ƙasar ta fara fitar da littafin lambobin caji a 1966, an daɗe ana cajin wannan gwaji jijiya-jijiya, wanda ya ƙara yawan jijiyoyin da ya taɓa ya ƙara kuɗi. A 2013 aka soke tsofaffin lambobin aka kawo guda bakwai, daga 95907 zuwa 95913, lamba ɗaya ga gwaji 1 zuwa 2, wata ga 3 zuwa 4, har zuwa ta ƙarshe ga 13 ko fiye, kuma ɗaya tak ake rubutawa a zama ɗaya. Ko an taɓa jijiya ɗaya a wuyan hannu da gwiwar hannu da hammata, irin gwaji ɗaya a jijiya ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi. Shekara guda kafin nan, a 2012, an ware wasu lambobi na musamman ga gwajin allurar tsoka idan an yi shi rana ɗaya da na jijiya, saboda wani ɓangare na aikin ya riga ya shiga cikin na farko. Tun 1996 kuma hukumar da ke biyan kuɗin lafiyar tsofaffi a can ta ɗora wa kwamfutocinta jerin lambobin da ba sa tafiya tare, duk takardar da ta zo da su biyun sai a ƙi biyan ɗaya. Na kawo wannan ne don ku ga cewa ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi kan lafiya sai da ta gina katanga a daidai wannan wuri, domin a nan kuɗi ke zurarewa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san wani zai ce, Baba, wannan ai zancen Amurka ne, mu ina muka ga waɗannan lambobi, kuma wane ne zai zauna ya bi takardar asibitin karkara layi-layi? Lambobinsu dai ba su ne namu ba, amma ƙa'idar tana cikin tsarinmu tun daga tushe. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta mayar da hukumar inshorar ta zama NHIA ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Jihar Kano ta yi dokar hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, a 2016, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, wanda ke biya wa marasa ƙarfi a cibiyoyin mazaɓu. A tsarin ƙasa hanyar biya iri biyu ce. Asibitin matakin farko ana ba shi wani adadi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba, kuma wannan kuɗi ya riga ya ɗauke ganin likita da ƙananan gwaje-gwaje irin na zazzaɓin cizon sauro da fitsari da yawan jini. Manyan ayyuka kuwa, irin su ganin ƙwararre da EEG da hoton kai, ana biyansu ɗaya bayan ɗaya bisa takardar farashi, bayan an samu takardar turawa da lambar izini. To yaron da ya zo da jijjiga aka yi masa gwajin zazzaɓi a matakin farko, sannan aka cusa wannan gwajin a cikin takardar neman biyan manyan ayyuka, an caji abu ɗaya sau biyu ke nan, ko da babu lamba ko ɗaya ta Amurka a takardar. Masu tantance takardu a kamfanonin HMO masu biyan kuɗin inshora da hukumomin jiha aikinsu ke nan, kuma idan suka kama layi ɗaya sukan riƙe takardar gaba ɗaya, asibiti ya yi watanni yana bin kuɗin da ya halatta saboda wanda bai halatta ba. Garin neman gira an rasa ido.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda ba a cika magana a kansa ba domin yana kama da kirki. Yarinya mai tsoron Allah, da ta ji ana ta gargaɗi kan cajin da ya wuce ƙa'ida, sai ta koma haɗe komai, tana ganin gara asibiti ya yi asara da a ce ta zalunci wani. 'Yata, niyyarki mai kyau ce, amma dukiyar da kike yafewa ba taki ba ce. Ɗauki ɗibar ruwan ƙashin baya da ake yi wa wanda ake zargin sanƙarau. Soka allurar a ɗebo ruwan aiki ne na likita, kuma maganin kashe zafi da audugar da aka yi amfani da su suna cikinsa. Amma ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ruwan, da auna suga da furotin, da shuka shi a ga wace ƙwayar cuta za ta tsiro, ayyukan ɗakin gwaji ne masu cin sinadarai da lokaci. Idan kika rubuta ɗibar ruwan kaɗai kika bar sauran, ɗakin gwajin ya yi aiki kyauta, kuma ranar da sinadarin ya ƙare ba a samu kuɗin sayen wani ba, uban mara lafiyan gaba za a ce ya ɗauki ruwan ƙashin bayan ɗansa a kwalba ya kai wani wuri. Haka EEG na biyu. Sanannen abu ne cewa mai farfaɗiya na iya yin gwajin farko ya fito lafiya lau, likita ya ce a hana shi barci a dawo da shi wata rana a sake. Wannan sabon aiki ne da likita ya nema da dalilinsa, yana buƙatar sabon izini, kuma cajinsa halal ne. Wanda bai halatta ba shi ne na ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar gwaji, ko waya ta saki, aka ce a dawo gobe. Wannan gwaji ɗaya ne da bai kammala ba, kuma ba mara lafiya ne ya ɗauke wutar ba. Idan kuma kina son a sassauta wa wanda ba shi da hali, akwai ƙofar da aka tanada: a rubuta cikakken abin da aka yi, sannan ofishin jin ƙai ko shugaban asibiti ya yafe da sa hannunsa. Ta haka alherin ya tabbata, lissafin kuma bai karye ba.

Akwai wani wuri da ya shafe mu mu na nesa da birni fiye da kowa. Kowane irin wannan gwaji hannu biyu ne: hannun da ya sarrafa inji, da idon ƙwararren da ya karanta ya rubuta rahoto. Idan duka a gida ɗaya aka yi, caji ɗaya ne ya ɗauke su. Amma likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne a ƙasar nan, don haka yanzu ana yawan ɗaukar hoto ko EEG a wata cibiya a tura ta intanet wani likita a wani gari ya karanta. A nan dole a san wa ya caji me. Idan cibiyar ta karɓi cikakken kuɗi, to kuɗin karatun yana ciki, kuma tsakaninta da likitan ne. Ba a sake tare mara lafiya a ce ya kawo kuɗin fassara. Idan kuma kuɗin inji kaɗai ta karɓa, a rubuta haka a rasit ɗin baro-baro, domin wanda zai karɓi na karatu ya san iyakarsa. Ku da ke asibitocin Karaye da Rogo, ko da injin ba ya hannunku, farkon zaren yana hannunku. Takardar turawa da ta faɗi ainihin gwajin da ake so, da allura ko babu, hannu ɗaya ko biyu, da abin da aka riga aka yi a gida da ranar da aka yi shi, ita ke hana a maimaita gwaji a birni a sake caji. Takardar da aka rubuta a gurguje kuwa takan sa a ba da izinin wani abu a yi wani, a ƙi biya, a ce wa mutumin Yammedi ya koma ya gyaro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta farashi, kuma ba zan raina ta ba. Ana cewa abin da inshora ke biya bai kai kuɗin aikin ba, ga jinkirin biya, ga man janareto, ga kayan inji da ake saye da dala, don haka tsittsinka caji hanya ce kawai ta maido da abin da aka danne. Akwai gaskiya a farkon maganar. Kuɗin wata na kowane mutum a tsarin ƙasa ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma, kayan masarufi suna ta hawa, sai a 2024 aka yi ƙari, aka sake sanar da wani mafi girma a farkon 2025. Asibitoci sun sha wuya a tsakani, babu mai musun wannan. Amma ku duba yadda gyaran ya zo: ƙungiyoyin masu asibiti ne suka yi ta kai kuka da lissafi a hannu har aka zauna aka sake farashi. Takardun bogi ba su ƙara ko kwabo a farashin hukuma ba. Abin da suke jawowa shi ne ƙarin zargi, da ƙarin tantancewa, da ƙarin jinkiri a kan kowa, har da asibitin da bai taɓa ƙara layi ba. Sannan asusun inshora ba rijiya ce marar ƙasa ba. Kuɗin malamin makaranta ne da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ake cira daga albashinsu, abin da aka ɗiba ba bisa ƙa'ida ba yau shi ne za a rasa gobe. Kuma kada ku ce ai kamfani ne zai biya, mara lafiya ba ruwansa. A ƙa'idojin aiki da hukumar ta fitar a 2012, rabin kuɗin CT da MRI ne inshora ke ɗauka, rabin na mara lafiya ne. Duk inda ake irin wannan rabo, idan ka kumbura takarda, rabin kumburin a wuyan mai jinya yake sauka.

Sai kuma wanda zai ce, ni ƙaramin ma'aikaci ne, abin da oga ya ce in rubuta shi nake rubutawa. Ɗana, na san nauyin wannan magana a lokacin da aiki ke da wuyar samu, kuma ba na ce ka tsaya gaban na gaba da kai kana ɗaga murya ba. Amma ka sani sunan da ke kan takardar, ko lambar sirrin da aka shiga kwamfuta da ita, naka ne, kuma ranar da masu bincike suka zo ba za su tambayi wa ya faɗa da baki ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A Amurka akwai alamar da ake liƙa wa caji, lamba 59, mai nufin cewa waɗannan ayyuka biyu da aka saba haɗawa yau dabam-dabam aka yi su. An yi ta ne don gaskiya, amma aka mayar da ita mabuɗin buɗe kowace ƙofa, har a 2015 hukuma ta ƙaro wasu alamomi huɗu waɗanda mai caji ke fayyace dalili da su: wani zama ne daban, ko wata gaɓa, ko wani likita. Dokarsu ta hukunta masu yi wa gwamnati cajin ƙarya tun 1863 take, kuma a yau tana sa a biya ninki uku. Abin ɗauka a nan shi ne duk raba cajin da ba shi da dalili rubutacce a fayil ɗin mara lafiya ba shi da mai kare shi. Don haka hanyarka mai sauƙi ce kuma babu rashin kunya a cikinta. Ka ce, ranka ya daɗe, fayil bai nuna an yi wannan daban ba, ko likita zai ƙara rubutawa ya sa hannu? Idan an yi aikin da gaske, zai rubuta. Idan ba a yi ba, da wuya a samu mai sa hannu, kai kuma ka fita.

Inda na fi jin tsoro a kanku shi ne wurin mai biya da kuɗin hannu, wanda shi ne mafi yawa. Takardar inshora tana da mai tantancewa, ta wannan bawan Allah kuwa babu mai dubawa. Sau da yawa ba ya karanta boko, yana cikin ruɗani, ɗansa na kwance, duk abin da kuka faɗa zai kwance bakin zani ko ya juye aljihu ya biya, har ya yi muku godiya. Kun san akwai sura sukutum a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da aka saukar kan masu tauye awo, kuma ban ga abin da ya fitar da takardar caji daga hukuncin awo ba. Ku faɗa masa da Hausa abin da kuɗin ya ƙunsa tun kafin ya biya: wannan ya haɗa da gwajin da karatun likita, allurar hoto tana ciki ko ba ta ciki, idan yaro ya ƙi kwanciya aka ba shi maganin barci ga abin da zai ƙaru. Ku ba shi rasit mai layi-layi. Mutumin da ya san abin da ke gabansa yakan shirya, wanda kuma ake yi wa ƙari taga bayan taga yakan yanke ƙauna a tsakiya ya tafi da rabin gwaji, kuɗin ya tafi, amsa ba ta samu ba, daga nan sai wurin mai turare da hayaƙi. Yaro mai farfaɗiya da aka rasa ta wannan hanya yakan daɗe bai dawo asibiti ba.

Abin da zai tsare ku bai fi ƙarfinku ba. Ku nemi izini ku shiga ɗakin EEG da na hoto ku ga gwaji daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ne, ku tambayi ma'aikacin me ke cikin aikin kullum, me kuma ake ƙarawa sai likita ya nema. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu aikin injin sukan ji daɗin wanda ya damu ya sani. Ku riƙe takardar farashi ta yanzu ta kowane mai biya, domin ta NHIA daban, ta jiha daban, ta kamfanoni masu zaman kansu daban, kuma abin da ɗaya ya haɗa wani yana iya warewa. Tsohuwar takardar da kuka gada a durowa tana iya zama ta shekarun baya. Kafin ku aika kowace takarda, ku jera abu uku a gabanku, abin da likita ya nema, abin da aka ba da izini, da abin da rahoto ya nuna an yi, in ɗaya ya saɓa ku tsaya ku tambaya. Takardun da aka dawo muku da su kuma kada ku cusa su a kwali don kunya. Ku buɗe littafi ku riƙa rubuta dalilin ƙin biyan kowacce, cikin 'yan watanni za ku ga kuskure biyu ko uku ne suke ta dawowa. Wanda ya iya wannan aiki ana nemansa, domin dokar 2022 tana ƙara shigo da jama'a inshora, kuma kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, yana buƙatar wanda takardarsa ke wucewa ba a dawo da ita ba. Ku fara da takardar da ke kan teburinku gobe da safe: ku ɗauko fayil ɗin, ku karanta rahoton gwajin har ƙarshe, sannan ku rubuta adadi. Allah ya yi muku albarka, ya tsare hannuwanku daga haƙƙin mutane.